Ranar da Gwamma Ta Kira Rizga

A ƙarƙashin gonakin Kwarin Gauraka akwai wani gari. Mutanen ƙauyen ba su san da shi ba, ko da yake kaka da kakanni suna taka rufinsa, suna zuba masa taki a ka. Aljanun ƙasa ne a cikinsa, kuma suna da doka guda wadda ba su taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kanta ba: duk abin da ke doron ƙasa, in ya shekara goma sha bakwai ba a kira shi da sunansa ba, ya zama nasu. Su a wurinsu wannan ba sata ba ce. Tsintuwa ce.

A ƙauyen akwai wata mata, Gwamma, matar wani manomi da ake kira Nomau. Da ta haifi 'yarta ta fari, Nomau ya sa wa jaririyar sunan mahaifiyarsa, wata mutuniyar duwatsun kudu da ta zo da suna irin na can: Rizga. A nan aka ɗaure bakin Gwamma da igiya biyu. Uwa ba ta faɗin sunan 'yar fari, mace kuma ba ta faɗin sunan surukarta. Saboda haka in yarinyar tana kusa sai ta ce "ke", in tana nesa ta ce "waccan". Nomau yana ce mata Uwata, maƙwabta su ce 'Yar Gwamma, ƙawayenta su ce Siririya. Kowa ya girmama sunan, aka yi ta girmama shi har ya ɓace. Sauran 'ya'yan Gwamma uku kuwa tana kiran sunayensu safe da yamma, galibi haɗe da zagi.

Ita tsohuwar mai sunan, wadda ita ma an daɗe ba a kira ta da shi ba, tun yarinyar tana shekara biyar ta fita neman itace ba ta dawo ba. Aka ce kura ce. Kura dai ba ta zo ta musanta ba. Gwamma ta yi makoki gwargwadon yadda ake yi wa suruka, ta koma kan dakanta.

Ranar da sunan ya cika shekara goma sha bakwai cif da raɗawa, uwa da 'ya suna noman gyaɗa. Rana ta take tsaka, yarinyar ta je gindin wani suri ta zauna za ta sha kunu. Gwamma na can ƙarshen gona ta ga surin ya buɗe baki kamar mai hamma. Ta yar da fartanya, ta kwasa a guje, ta buɗe baki za ta yi kira, abin da ya fito shi ne, "Ke! Ke!" Surin ya rufe. Ƙwaryar kunun ce kaɗai ta rage, ko zubewa bai yi ba.

Nomau ya zo ya zagaya surin sau biyu, ya ce sai haƙuri. Dattawa suka zauna a inuwar ɗorawa suka duba lamarin ta kowace fuska, suka yanke shawarar cewa yana bukatar wani zaman. Gwamma ba ta jira zama na biyu ba. Washegari da hantsi ta ɗaure zanenta tamau, ta ɗauki fartanya, ta sari surin har ya huje.

A ciki ta tarar da matakala tana gangarawa, a bakinta kuma wani damo kwance, girmansa ya kai kwalekwale.

"Salamu alaikum, mai ƙofa."

"Wa alaikumus salam, 'yar Adam mai fasa gidan mutane sannan ta yi sallama. Me ke tafe da ke?"

"Ranka ya daɗe, yarinya nake nema."

"Wace yarinya?"

"Wata haka, siririya. 'Yar gidanmu."

"Yaya sunanta?"

Gwamma ta sunkuyar da kai, ta shiga murza bakin zane.

Damo ya lumshe ido. "Na gane. Irinku ne ke cika mana gari." Ya gaya mata dokar tasu, sannan ya ce, "Ki sauka. Ki ratsa kasuwa, ki haye Kogin Shiru, za ki iske Magajiyar Ƙasa a gonarta. Amma ki ji: gara ta riga ta fara liƙe ramin da kika haƙa, kuma in rana ta faɗi ta gama. Wanda ke ciki a sa'ar nan ya zama na ciki. Matakalar nan kuma tawa ce, taki casa'in da tara. Wanda ya yi gaggawa a kanta, kowane taki sai ya haifi biyu."

Gwamma ta ji, amma uwa ce. Ta sauka goma na farko da sassarfa, ta leƙa ƙasa ta ga matakalar ta miƙe ba iyaka. Ta tsaya, ta ciji leɓe, ta soma ɗaga ƙafa a hankali kamar amarya, zuciyarta na gudu ita tana tafiyar hawainiya. Ba ta taɓa yin aiki mai wuyar wannan ba.

Da ta kai ƙasa sai ga gari shimfiɗe. Samaniyarsa baƙar ƙasa ce, saiwoyi na reto daga gare ta kamar igiyoyin guga. Saiwar kuka ta sauko ta zama ginshiƙi, ana ɗaure dabbobi a jikinta. Haske yana shigowa ta ramukan tururuwa da na gyare, siri-siri kamar zaren saƙa, dubu bisa dubu. Gwamma ta ɗaga kai ta gane gyaɗarsu tana lilo a bisa kanta, ta kuma lura gyaɗar maƙwabcinsu ta shigo musu iyaka da taku biyu. Ta ajiye maganar a ranta sai ta koma.

Kasuwar kuwa ba a sayar da kome a cikinta sai abin da aka daina kira. Ga tsofaffin rijiyoyi an jera su kamar randuna. Ga hanyoyin da ciyawa ta cinye, an naɗe su kamar tabarmi. Ga karnuka ba adadi. Masu rumfunan dogaye ne, diddigensu na gaba, yatsun ƙafarsu na baya, ga su da fara'a. Ɗaya daga cikinsu ya tare ta, ya buɗe wani ɗan tulu, sai waƙa ta fito. Waƙar niƙa ce, wadda uwar Gwamma ke yi a kan dutse tun tana goye da ita, da muryar uwar sak.

"Zauna ki ji, baƙuwa," in ji mai rumfa. "Kyauta ce. Tana da baiti arba'in."

Gwamma ta zauna. Ta ji na ɗaya, ta ji na biyu, hawaye na bin kumatunta. A na biyar ta ga zaren hasken da ke kan gwiwarta ya matsa ya koma ƙasa. Ta miƙe, ta toshe kunnuwa da yatsu, ta ratsa kasuwar ba ta waiwaya ba.

Kogin Shiru yana gudu da ƙarfi, yana dukan duwatsu, yana kumfa, amma ko ƙwal ba ka ji. Mai fito yana tsaye cikin jirginsa. Fuskarsa sumul take, ba baki a jikinta, bakin yana tsakiyar tafin hannunsa. Ya ɗaga mata hannun.

"Ladan fito kalma ɗaya ce, 'yar Adam. Wadda kika ba ni, kin rabu da ita har abada."

"Wacce kake so?"

Ya matso da tafin kusa da wuyanta, ya shinshina. "Akwai wata can ƙasan maƙogwaronki, sabuwa fil, ko sau ɗaya ba a taɓa amfani da ita ba. Ba ni ita. Me za ta rage miki? Abin da ba kya ci, ai sadaka ya fi masa."

Gwamma ta ji sunan yana tasowa da kansa, kamar ana jan sa da ƙugiya. Ya zo har bayan haƙoranta. Ta dafe baki da hannu biyu ta haɗiye shi da ƙyar.

"Wannan ba ta bayarwa ba ce, ranka ya daɗe."

"Ba kya faɗa, ba kya bayarwa. Ajiyar wa kike yi?"

"Ajiyar mai ita. Ga wata, karɓi: waccan."

Mai fito ya cafe kalmar, ya juya ta, ya ɗan cije ta. "Ta sha jiki. Ta siɗe kamar tsohuwar muciya. Amma kalma ce. Shigo."

A tsakiyar kogi ruwa ya tashi ya daki jirgin, ya cika shi rabi. Gwamma ta yi kururuwa ba ta ji muryarta ba. Ta cire ɗankwali ta yi ta tsane ruwa tana matsewa har suka kai gaci.

Can ta iske gona wadda ido ba ya kai ƙarshenta. Tsibin ƙasa ne jere, dubbai, a kan kowane tsibi tsiro guda mai ganye gashi-gashi da fure rawaya, kowane kamar ɗan'uwansa. A bakin gonar Magajiyar Ƙasa tana zaune a bayan wani kunkuru. Fuskarta kamar laka da ta bushe ta tsattsage, gashin kanta kuma saiwoyi ne da suka miƙe sama suka shige rufin garin.

Gwamma ta durƙusa. "Allah ya ja zamanin Magajiya."

"Tashi, mai fartanya. Labarinki ya riga ki isowa. Mutanen da muka tsinta ba ma barinsu zaman banza, shuka su muke yi. Taki tana cikin gonar nan. Ba mu ƙwace miki ita ba, ke kika yar."

"Ban yar ba, ranki ya daɗe. Kunya ce. Haka muka tarar ana yi."

"Mu ma haka muka tarar ana tsinta. Ga sharaɗi, kuma mai sauƙi ne har ina jin nauyin faɗinsa. Ki kira ta sau uku da sunan da aka raɗa mata, da muryar da kowa zai ji. In ta amsa, taki ce."

Kafin ta rufe baki aljanu sun taru, manya da ƙanana, har da masu furfura. Ba abin da ke tara jama'a kamar a ji wani zai ji kunya, a sama ne ko a ƙasa.

Gwamma ta fuskanci gona ta ce, "Ke!"

Tsiro dubu goma suka rusuna gaba ɗaya. Aljanu suka bushe da dariya.

Ta ce, "Siririya!" Ko ganye bai motsa ba. Ta ce, "Uwar maigida!" Shiru. Ta hangi wani tsibi da ƙasarsa ke da danshi, ta nuna shi da yatsa za ta ce "waccan", irin yadda ta saba, sai iska kawai ta fito. Kalmar tana wurin mai fito.

"Magajiya, in raɗa miki a kunne mana."

"A'a."

"To in koma in zo da ƙanwarta ta kira ta."

"Ƙanwarta ce ta haife ta?"

"Wallahi kullum ina faɗinsa a zuci. Ko da rana ɗaya ban fasa ba."

"Zuci ba ya cikin dokarmu. Da muna jin abin da ke zukatanku, da tuni mun ƙaura."

Gwamma ta ɗaga kai. Zaren hasken sun yi ja, waɗanda ke gabas sun fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Ta tuna ranar suna, yadda ta kau da kai daga jaririyar a gaban mata don kada a ce ta cika rawar jiki, da yadda da ɗakin ya watse ta ɗauke ta ta yi ta shinshinar kanta. Shekara goma sha bakwai tana son yarinyar nan a ɓoye kamar kayan sata. Mutane sun yaba mata, sun ce Gwamma akwai kunya. Yabon yana can sama, 'yar tana nan cikin ƙasa.

Ta ƙara ɗaure zane. Ta runtse ido.

Na farko ya fito a shaƙe, kamar ƙyauren da ya shekara ba a buɗe ba. "Rizga."

"Ba mu ji ba," in ji wani tsohon aljani, wanda ya ji sarai.

"Rizga!"

A na uku ta buɗe ido, ta buɗe ƙirji, ta saki abin da ta tara tun ranar suna. "RIZGA!" Ƙasa ta zubo daga rufin garin. A can sama Nomau ya dubi gabas, ya ce da alama za a yi ruwa.

Tsibin nan mai danshi ya tsage. Yarinyar ta miƙe zaune, ƙasa a gashinta, fure rawaya a bayan kunnenta, ta ce, "Na'am, Inna."

Gwamma ba ta san sa'ar da ta isa wurinta ba. Ta rungume ta a gaban aljanu dubu, tana kakkaɓe mata ƙasa, tana duba yatsunta ɗaya-ɗaya, tana dariya tana kuka. Kunya dai ta riga ta zube, ba a kwashe ta.

Sai aka ji tari daga can tsakiyar gona. Wani tsohon tsibi ya rushe, wata 'yar tsohuwa ta fito tana tofar da ƙasa.

"Wace marar kunya ce ta kira ni gatsal haka, kamar ita ta raɗa mini?"

Gwamma ta san muryar. Ta durƙusa. "Sannu, Iya. Ashe ba kura ba ce."

"Kura? Kura ta fi ku zumunci." Tsohuwar ta tako ta tsaya a kanta, ta dube ta sama da ƙasa. "Ke ce, matar Nomau? Lalle duniya ta lalace." Sai ta miƙa mata hannu. "Shekara goma sha biyu ina kwance a nan ina roƙon Allah ya kawo marar kunya guda ɗaya. Tashi, 'yar nan. Allah ya yi miki albarka. Amma kada ki sake."

Magajiya ta ɓata fuska har wata laka ta faɗo daga goshinta. "Ɗaya kika zo nema."

"Ɗaya na zo nema, ranki ya daɗe," in ji Gwamma, kuma gaskiya ta faɗa.

"Suna ɗaya, masu shi biyu. Doka ta ci ni. Ku tafi."

Tsohuwar ba ta tafi ba. Ta koma raminta ta tono wasu saiwoyi cunkus, sirara, dogaye kamar yatsun hannu, ta ƙulle su a bakin zane. "Shekara goma sha biyu ina yin su. Ba zan bar wa masu juyayyun ƙafafu ba."

"Ɗauki," in ji Magajiya. "Abin nan ba shi da suna a sama, zai dawo mini da ƙafarsa. Ku ma haka. Daga yau na soma ƙirga sabuwar goma sha bakwai. Na san 'yan Adam. Za ku koma gida, kunyarku ta dawo muku, ni kuwa ba zan rushe tsibin nan biyu ba."

Suka juyo. A bakin kogi mai fito ya nemi kalma uku, tsohuwar ta biya duka da zagi uku daga cikin waɗanda ta tanadar wa surukarta, kuma daga baya ba a ga alamar ragi ba. Suka ratsa kasuwa ana kwashe rumfuna. A matakala Gwamma ta riƙe hannun kowacce, suka hau a hankali, suna kallon ramin sama yana tsukewa: daga faɗin tabarma ya koma faɗin faifai, daga faifai ya koma bakin ludayi. Damo ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Saura ƙiris." Gwamma ta ce, "Na gani," ta ɗaga fartanya ta sari aikin gara na wuni guda. Suka fito rana na taɓa kan itatuwa. Dattawa suna gindin ɗorawa, zama na biyu bai watse ba.

Nomau ya ga 'yarsa ya yi hamdala. Ya ga wadda ke bayanta, ya nemi wuri ya zauna.

Aka yi kwanaki ana murna. Sannan abin da Magajiya ta faɗa ya faru. Gwamma ta wayi gari ta buɗe baki za ta kira 'yarta a tsakar gida, ta ga surukarta zaune a kan turmi, ta ga maƙwabciya na leƙe ta katanga, sai harshen ya naɗe. Abin da aka yi a gaban aljanu daban, abin da za a yi a gaban matan unguwa daban. Ta koma wa "ke". In yarinyar ta yi nisa kuwa sai dai ta yi tafi, tunda ɗayar kalmar ta tafi. Duk sa'ar da ta wuce surin nan sai ta ji kamar ana ƙirga wani abu a ƙarƙashin ƙafarta.

Saiwoyin kuwa an dasa su a bayan gida, suka yi ganye gashi-gashi da fure rawaya. Da kaka aka tone, aka sami kwando uku. Gwamma ta ɗauko wuƙa za ta fere, tsohuwar ta buge mata hannu. "Ba a sa musu wuƙa. Kin san wahalar da na sha? Murza su za ki yi da yashi a ruwa har ɓawon ya fita." Aka murza, aka dafa da ɗan gishiri. Ga gari, ga ɗan zaƙi, ga wani ƙamshi kamar na ƙasa in an yi ruwan fari. Maƙwabta suka ɗanɗana suka ce, "Me ake ce da wannan?" Tsohuwar ta ce ba shi da suna. Gwamma ta daɗe tana kallon kwandon.

Ranar kasuwa da safe ta cika ƙwarya, ta aza a ka, ta tsaya a ƙofar gida inda duk unguwa za ta ji.

"Rizga! Rizga! Ga rizga da zafinta!"

Taɓarya ta tsaya a gida bakwai. Nomau ya fito hula a hannu. "Gwamma, me kunnena ke ji?"

"Talla nake yi, maigida. Kaya ba ya sayuwa sai da suna."

Aka kai magana gindin ɗorawa. Dattawa suka zauna sau uku, suka bincika abin da aka gada kaf, ba su sami inda aka hana mace kiran sunan saiwa ba. Kafin su tashi sun cinye rabin ƙwaryar, suna tambaya ko akwai sauran rizgar.

Haka mutanen Kwarin Gauraka ke ba da labarin sunan, wanda bai yarda ba kuma ga suri nan, ga fartanya. Sun ce har Gwamma ta tsufa ba ta fasa ba, ko da kaya ko babu. Kowace safiya sai ta tsaya a ƙofa ta yi kira sau uku, daga cikin gida muryoyi biyu su amsa, ɗaya da "na'am", ɗaya da tsaki. A ƙarƙashin ƙasa kuma Magajiya ta share ƙirgenta ta koma ɗaya.

Wata rana yarinyar ta biyo ta ƙofa, ta tsaya a gefenta tana murmushi.

"Inna, wai da wa kike?"

Gwamma ba ta dube ta ba. "Da saiwa nake."

Ta laluba cikin ƙwarya, ta zaɓo wadda ta fi kowacce girma, ta danƙa mata a hannu, ta wuce kasuwa.